Lalaci Ne Ko Gwiwa Ce Ta Sage? Abin da Ke Juya Ma'aikaci a Wurin Aiki

A tsakiyar shekarar 2022 wata magana ta tashi a TikTok, ta yi ta yawo har ta shiga jaridu da ɗakunan taron manyan kamfanoni: wai ma'aikaci ya ajiye aiki alhali bai bar ofis ba. Yana zuwa a kan lokaci, yana yin daidai abin da aka rubuta masa a takardar ɗaukar aiki, lokacin tashi na yi ya kashe kwamfuta ya kama gabansa. Ba ya ƙara minti ɗaya, ba ya ɗaga wayar oga da dare, a mitin kuma ko uffan. Da cibiyar Gallup mai jin ra'ayin jama'a ta fitar da rahotonta na 2023, sai ta ce kashi 23 cikin 100 kacal na ma'aikatan duniya ne zuciyarsu ke cikin aikinsu. Kashi 59 iya abin da ya zama dole suke yi, ragowar 18 kuwa sun fito fili da ƙin aikin.

Nan take aka rabu gida biyu. Masu ɗaukar ma'aikata suka ce lalaci ne kawai, 'yan zamani ba su san wahala ba. Ma'aikata suka ce a biya su yadda ya kamata, a san darajarsu, a ga aiki. Kowane ɓangare ya kama ƙafa ɗaya ya ce ita ce dukan saniyar. Ga tambayar da ta fi ƙarfin amsoshin biyu: mutum biyu, ofis ɗaya, albashi ɗaya, oga ɗaya, amma ɗaya yana aiki kamar kamfanin na ubansa ne, ɗayan yana jan ƙafa. Bayan shekara biyu kuma sai ka tarar mai himmar nan shi ma jikinsa ya yi sanyi. Idan hali ne, me ya sauya shi? Idan albashi ne, me ya sa tun farko suka bambanta?

Abubuwa uku da ake cakuɗawa

Idan aka ce wane "ba shi da hali" a wurin aiki, yawanci abubuwa uku ne aka dunƙule a kalma ɗaya. Akwai hali, wato yadda mutum yake a mafi yawan lokuta: mai surutu ne ko miskili, mai tsari ne ko mai watsar da kaya, mai saurin firgita ne ko mai sanyin zuciya. Akwai ƙima, wato abin da ya ɗauka da daraja har yake auna komai da shi: gaskiya, ko muƙami, ko kwanciyar hankalin iyali, ko 'yancin yin abu yadda ya ga dama. Sannan akwai ƙaimi, abin da ke tashinsa ya yi aikin yau, da yawan ƙarfin da zai saka, da tsawon lokacin da zai daure.

Saurin canjawarsu ba ɗaya ba ne, kuma nan ne gizo yake saƙar. Hali yana ɗaukar shekaru kafin ya motsa. Ƙima tana iya sauyawa idan rayuwa ta juya, kamar in mutum ya yi aure ko ya sha wata jinya. Ƙaimi kuwa magana ɗaya ta oga da safe tana iya kashe shi kafin azahar.

Hali: ɗabi'u biyar da masana suka tsaya a kai

A 1936 wasu masana biyu a Amurka, Gordon Allport da Henry Odbert, suka bi ƙamus ɗin Ingilishi shafi-shafi suka tsamo kalmomi kusan 18,000 da ake siffanta mutum da su. Tunaninsu shi ne, duk bambancin da ya dami mutane a zamantakewa, dole harshe ya yi masa suna. Waɗanda suka biyo bayansu suka yi ta tace kalmomin nan da lissafi, suna haɗa masu tafiya tare, har aka wayi gari abin ya tsaya a kan manyan ɗabi'u biyar.

Ta farko ita ce kula da tsari: cika alƙawari, gama abin da aka fara, duba aiki sau biyu. Ta biyu son shiga mutane da fitowa gaba. Ta uku sauƙin kai da son a zauna lafiya. Ta huɗu natsuwar zuciya, wadda kishiyarta ita ce yawan fargaba da saurin damuwa. Ta biyar son sabon abu da zurfin tunani. Ba akwatuna ba ne da ake jefa mutum a ciki. Kowace ɗaya ma'auni ce mai tsawo, kuma yawancin mutane a tsakiya suke.

Wacce ce ta fi tasiri a aiki? A 1991 Murray Barrick da Michael Mount suka tattara bincike 117 da aka yi kafin su, suka gano cewa kula da tsari ita ce ke nuna wanda zai yi aiki mai kyau a kusan kowace sana'a, daga ɗan sanda zuwa manaja zuwa mai tallan kaya. Son shiga mutane yana taimakawa ne a wasu ayyukan kawai, musamman shugabanci da saye da sayarwa. Ko a nan ma da sauran magana. Adam Grant ya bibiyi ma'aikata 340 masu sayar da kaya ta waya, ya wallafa sakamakon a 2013: waɗanda suka fi kowa ciniki ba masu zaƙin bakin da ba sa numfashi ba ne, 'yan tsaka-tsaki ne, masu iya magana kuma masu iya yin shiru su saurari mai saye.

Sauƙin kai shi ne ya fi ba ni tausayi. Mai wannan ɗabi'a shi ke riƙe ofis: shi ke sasanta masu faɗa, shi ke karɓar aikin wanda bai zo ba, shi ake tura wa baƙon da ya zo da fushi. Amma wani bincike da Timothy Judge da abokan aikinsa suka fitar a 2012 ya nuna masu sauƙin kai, musamman maza, suna samun kuɗi ƙasa da takwarorinsu masu tauri. Ba abin mamaki ba ne ga wanda ya taɓa zama a ofis. Wanda yake jin nauyin cewa "a ƙara mini" ba a ƙara masa, kuma wanda ba ya cewa a'a shi ake lafta wa kaya.

Kowace ɗabi'a ma tana da bayanta. Mai tsananin tsari yana iya riƙe fayil mako guda saboda waƙafi ɗaya. Mai yawan fargaba yana wahalar da kansa, amma sau da yawa shi ne ke hango ramin da kowa ya tsallake da ido.

Gwajin nan mai haruffa huɗu

Wani ɗan ratse. Kamfanoni da yawa suna ba ma'aikata gwajin Myers-Briggs, wanda ke raba mutane gida 16 ya ba kowa lambar haruffa huɗu. Katharine Briggs da 'yarta Isabel Myers ne suka ƙirƙiro shi bisa ra'ayoyin da masanin halayyar ɗan Adam Carl Jung ya wallafa a 1921, kuma cikinsu babu wadda ta yi karatun ilimin halayyar ɗan Adam a matsayin fanni. Babbar matsalarsa ita ce yana datsa ma'auni a tsakiya ya ce kai na dama ne ko na hagu, alhali nan tsakiyar ne mutane suka fi yawa. Shi ya sa mutum zai yi gwajin yau, ya sake bayan 'yan makonni, ya fito da wata lambar daban. In don a buɗe hira ne tsakanin abokan aiki, ba laifi. A hana mutum aiki ko ƙarin girma saboda shi kuwa zalunci ne.

Shin hali zanen dutse ne?

Karin maganar ta kama wani abu na gaskiya. Binciken da aka yi kan tagwaye ya nuna kimanin kashi 40 zuwa 50 cikin 100 na bambancin ɗabi'u tsakanin mutane yana da alaƙa da gado. Sai dai ko dutse ruwa yana cin sa. Bincike mai bibiyar mutane tsawon shekaru ya nuna yawancinsu suna ƙara tsari da natsuwa yayin da suke manyanta, musamman daga shekara 20 zuwa 40, lokacin da nauyin aiki da na iyali ke hawa kansu.

Abin da ya fi girgiza masana shi ne hujjar da Walter Mischel ya kawo a 1968. Ya duba binciken da ake da shi ya ce alaƙar da ke tsakanin sakamakon gwajin hali da abin da mutum zai aikata a wani yanayi takamaimai ba ta cika wuce 0.3 ba, a ma'aunin da ke tashi daga 0 zuwa 1. Wato akwai alaƙa, amma ba ta kai a rantse da ita ba. Tun 1936 Kurt Lewin ya riga ya faɗi abin a taƙaice: abin da mutum ya aikata haɗuwar shi kansa ne da yanayin da ya samu kansa.

Wasu wuraren ba sa barin hali ya fito. Matuƙin jirgin sama yana bin jerin abubuwan dubawa kafin tashi, ko miskili ne ko ɗan barkwanci. Inda doka ta yi tsauri kuma ido ke kan kowa, mutane suna kama da juna. Inda aka sake wa mutum mara, babu mai duba shi, babu takamaiman umarni, a nan ake sanin waye waye. Wannan ma yana cikin dalilan da suka sa aiki daga gida ya yi wa wasu daɗi ya rikita wasu.

Sannan akwai wani kuskure da dukanmu muke yi, wanda Lee Ross ya yi wa suna a 1977. Idan wani ya makara, halinsa ne. Idan ni na makara, cunkoson hanya ne. Muna ganin mutum amma ba ma ganin abin da ya dabaibaye shi. Ga oga wannan kuskuren yana da daɗi, domin shi ne bayani mafi araha: in matsalar halin ma'aikaci ce, takardar tuhuma ta wadatar, ba sai an taɓa tsarin aiki ko kasafin kuɗi ko salon shugabancin ogan kansa ba.

Ƙima: inda ake yin rigimar da ba ta da suna

Na taɓa aiki a wani wuri tare da wata akanta, mace mai shiru-shiru wadda ba ta taɓa musu da kowa. Wata rana dab da rufe lissafin shekara shugaban sashe ya ajiye mata takarda a kan tebur, ya ce ta sa hannu da kwanan watan makon da ya wuce. Ta dubi takardar, ta cire tabarau ta goge da gefen mayafinta, ta mayar.

"Yallaɓai, yau ce ta zo hannuna."

"Na sani. Kayan ai sun iso tun wancan makon, kwanan wata ne kawai."

"To bari in rubuta na yau, in ƙara bayani a ƙasa cewa kayan sun riga takardar isowa."

Ya ɗauke takardarsa bai ce komai ba. Ba a kore ta ba, ba a ba ta takardar tuhuma ba. Amma daga ranar aka daina kiran ta wasu mitin, kuma a rahoton ƙarshen shekara aka rubuta cewa ba ta da haɗin kai. Duk wanda ya karanta rahoton zai ɗauka matsalar hali ce. Halinta bai sauya ba ko kaɗan, mai sauƙin kai ce kamar kullum. Abin da ta ɗauka da daraja ne ya yi karo da abin da shugabanta ya ɗauka da daraja. Kuma in za a yi adalci, shi ma ba ɓarawo ba ne. A wurinsa rufe lissafi a kan lokaci da rufa wa sashe asiri su ne amana.

Shalom Schwartz ya yi nazarin wannan a ƙasashe 20, ya fitar da sakamakon a 1992. Ya gano manyan ƙimomi goma da ake samu kusan ko'ina, irin su iko, cin nasara, tsaro, bin al'ada, kyautata wa na kusa, da cin gashin kai. Abin da ya fi muhimmanci a bincikensa shi ne yadda suke zaune kamar a da'ira, wasu maƙwabta wasu kishiyoyi. Neman ɗaukaka kai yana jan igiya da fifita wasu. Son sauyi yana jan igiya da son a bar abu yadda aka same shi. Babu wanda ba ya son gaskiya da nasara duka biyu. Bambancin yana fitowa ne ranar da aka ce sai dai ka zaɓi ɗaya.

Wurin aiki ma yana da tasa ƙimar, kuma ba ita ce aka rubuta a allon bakin ƙofa ba. Sabon ma'aikaci ba ya wata uku sai ya gane ta: yana kallon wa aka ƙara wa girma, wa aka yi wa canjin wurin aiki, laifin wa aka kau da kai a kansa. Benjamin Schneider ya bayyana a 1987 yadda wannan ke daskarewa. Wuri yana jawo masu kama da shi, masu intabiyu suna zaɓar wanda ya yi kama da su, wanda bai dace ba kuma ya gaji ya tafi. Bayan shekaru sai ka ga ofis gaba ɗaya tunaninsu ɗaya. Zaman lafiya ne, amma ranar da aka kama hanyar ɓata babu mai cewa a tsaya, domin duk masu iya faɗa sun daɗe da tafiya. Akantar nan ma shekara guda ta ƙara.

Ƙaimi: kuɗi yana aiki, shi ya sa yake da haɗari

Masu cewa kuɗi ba ya sa mutum aiki yawanci ba su taɓa jiran albashin da ya makara ba. Akwai misali sananne daga kamfanin Safelite na Amurka mai sanya gilashin mota. A tsakiyar shekarun 1990 ya daina biyan ma'aikata bisa awa ya koma biya bisa yawan gilashin da mutum ya sanya. Masanin tattalin arziki Edward Lazear ya bi lissafin ya ga aikin kowane ma'aikaci ya ƙaru da kashi 44 cikin 100. Kusan rabin ƙarin daga tsofaffin ma'aikata ne da suka ƙara himma, sauran kuma saboda masu sanyin jiki sun tafi, masu zafin nama sun shigo.

Sai dai sanya gilashi aiki ne da ake ƙirgawa, kuma in an yi shi ba daidai ba ana ganewa. Yawancin ayyuka ba haka suke ba.

A 1959 Frederick Herzberg ya tambayi injiniyoyi da akantoci kimanin 200 a yankin Pittsburgh su ba shi labarin lokacin da suka fi jin daɗin aiki da lokacin da suka fi ƙin sa. Sai ya ga amsoshin ba kishiyoyin juna ba ne. In suna maganar ɓacin rai, dokokin kamfani suke ambata, da oga, da yanayin wurin aiki, da albashi. In suna maganar jin daɗi, sai su ambaci wani aiki mai wuya da suka kammala, ko yabon da aka yi musu, ko amanar da aka damƙa musu. Ya ce kenan gyara na farkon yana cire ƙorafi ne kawai, ba ya haifar da himma. An soki hanyar bincikensa, kuma sukar tana da ƙarfi: ɗan Adam dama yakan jingina nasara ga kansa, ya ɗora laifi a kan wasu. Duk da haka duk wanda aka taɓa yi wa ƙarin albashi ya san murnar ba ta cika wuce wata biyu ba.

Edward Deci ya ƙara wani abu a 1971. Ya ba ɗalibai wani wasan haɗa guntaye mai jan hankali. Wasu ya biya su dala ɗaya kan kowane da suka warware, wasu bai ba su komai ba. Da aka daina biya, aka bar su su kaɗai a ɗaki, waɗanda aka saba biya sai sha'awarsu ta ragu. Kuɗin ya mayar da abin da suke yi don daɗi ya zama abin da ake yi don lada. Daga baya shi da Richard Ryan suka ce ƙaimin da ke fitowa daga cikin mutum yana rayuwa ne a kan abu uku: ya ji yana da ta cewa a yadda yake aikinsa, ya ji ya iya kuma yana ƙara iyawa, ya ji yana da mutane a wurin. Ogan da ke tsayawa a kan ma'aikaci yana gyara masa kowane layi yana kashe biyun farko a lokaci guda, ko da kuwa da kyakkyawar niyya yake yi.

Mafi munin abin shi ne in aka ɗaura lada da barazana a kan lamba ɗaya. A watan Satumban 2016 hukumomin Amurka suka ci bankin Wells Fargo tarar dala miliyan 185, bayan an gano ma'aikatansa sun buɗe asusu kusan miliyan biyu ba da sanin masu su ba. Daga baya adadin ya kai miliyan 3.5. Bankin ya ce ya kori ma'aikata kimanin 5,300 a kan lamarin. To, a ce bankin ya yi rashin sa'a ne ya ɗebo marasa gaskiya dubu biyar? An ɗora wa ma'aikatan burin sayar wa kowane gida hajojin banki har takwas, ana bin su da lissafi kullum, wanda bai cika ba aikinsa na rawa. Sun ba da abin da aka auna. Wannan bai wanke wanda ya ƙirƙiri asusun bogi ba, domin akwai waɗanda suka ƙi yi, wasu ma suka kai ƙara. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma ba ƙananan ma'aikata ne suka tsaga wannan bangon ba.

Kura da shan bugu

Mutum ba ya auna albashinsa shi kaɗai, da na maƙwabcin teburinsa yake aunawa. J. Stacy Adams ne ya tsara wannan a 1963: ma'aikaci yana kwatanta abin da ya saka da abin da ya samu, sannan ya dubi na wani. In ya ga kura ce da shan bugu gardi da karɓar kuɗi, zai daidaita lissafin da kansa. Ko ya rage aiki, ko ya nemi ƙari, ko ya tafi, ko ya fara ɗaukar abin da yake ganin haƙƙinsa ne. Da yawa daga cikin masu ajiye aiki a zaune ɗin nan lissafin da suke yi kenan.

Jerald Greenberg ya samu damar ganin wannan ido da ido, ya wallafa a 1990. Wani kamfani ya rage albashin ma'aikata da kashi 15 cikin 100 na tsawon mako goma a masana'antunsa biyu. A ɗaya shugabanni suka zauna da ma'aikata, suka yi bayani dalla-dalla, suka nuna damuwa, suka amsa tambayoyi. A ɗayar aka sanar a gajarce aka wuce. Satar kayan aiki ta ƙaru a duka biyun, amma ta fi tsanani sosai a inda ba a yi bayani ba, kuma a can ne mutane suka fi ajiye aiki. Kuɗin da aka cire iri ɗaya ne. Abin da ya bambanta shi ne ko an ɗauke su mutane.

Shirun da ake yi a mitin

Oga ya gama bayani ya ce, "Akwai mai magana?" Kowa ya sunkuyar da kai yana wasa da biro. Ana fitowa, a bakin matakala, sai ka ji mutum uku suna faɗin daidai inda shirin zai karye. Ogan zai ce ma'aikatansa ba su da ƙwazo. Su kuwa suna tuna abin da ya samu na ƙarshen da ya ɗaga hannu.

Amy Edmondson ta jami'ar Harvard ta ci karo da wannan a shekarun 1990, tana nazarin kura-kuran ba da magani a asibitoci. Ta zaci rukunin ma'aikatan da suka fi haɗin kai za su fi ƙarancin kuskure, sai alƙaluma suka nuna su ne ke da mafi yawa a rubuce. Da aka bincika sai aka ga ba sun fi yin kuskure ba ne, sun fi faɗa ne. A sauran sassan nas tana ganin kuskure ta yi gum, don ta san abin da zai biyo baya.

Me wannan ke nufi ga mai ɗauka da wanda aka ɗauka

Masu ganin matsalar daga mutum take suna da hujja. Akwai wanda ko an shimfiɗa masa zinariya ba zai cika alƙawari ba, kuma ma'aikaci ɗaya mai guba yana iya lalata sashe guda. Tantancewa a bakin ƙofa tana da amfani, musamman in an daina dogaro da intabiyun hira, inda mai iya baki ke cinyewa. An daɗe da gano cewa yi wa kowane mai nema tambayoyi iri ɗaya, da ba shi samfurin aikin ya gwada, sun fi nuna wanda zai iya.

Amma ni a ganina an fi zaluntar ɗaya ɓangaren. Gwajin mai sauƙi ne: in mutum ɗaya ne ke jan ƙafa a cikin goma, a dubi mutumin. In bakwai ne, ko kuma in duk wanda aka kawo kujerar nan sai ya lalace cikin shekara, a dubi kujerar da wanda ke samanta. A tambaya ko ma'aikacin ya yarda cewa in ya ƙara ƙoƙari aikin zai fito, ko ya yarda in aikin ya fito za a gani, ko ma ladan da ake ba shi abin da yake so ne. Victor Vroom ya nuna tun 1964 cewa in ɗaya cikin ukun nan ya zama sifili, duka lissafin ya zama sifili. Ba wa mai neman lokacin iyalinsa kofin yabo a wurin taro ba zai motsa shi ba.

Ga ma'aikaci kuwa, amfanin rarrabe ukun nan shi ne ya san irin ciwon da ke damunsa. In miskili ne aka sa shi karɓar baƙi daga safe zuwa yamma, gajiyarsa ta rashin dacewa ce, canjin tebur na iya magance ta. In ƙaimi ne ya mutu, wani lokacin magana da oga ko sabon nauyi na farfaɗo da shi. In kuwa kullum sai an nemi ya taka abin da yake ganin girmansa, wannan ba ya jin ƙarin albashi, kuma zama na ƙara masa tsatsa ne kawai. Na san ba kowa ke da zarafin tashi ba, mai iyali ba ya wasa da abin hannunsa. Ko ba komai dai ya daina zargin kansa da lalaci.

Wani lokacin kuma gyaran bai kai yadda ake zato tsada ba. Adam Grant ɗin nan ya taɓa yin gwaji da masu kiran waya suna neman gudummawa ga wata jami'a, aiki mai cin rai wanda yawancin waɗanda aka kira ke kashe waya. Kuɗin da suke tarawa yana tafiya ne wajen tallafin karatu, amma ba su taɓa ganin ko mutum ɗaya da ya amfana ba. Sai aka kawo wa wani rukuni daga cikinsu ɗalibi guda da ke karatu da tallafin, ya zauna da su kamar minti biyar, suka yi masa tambayoyi ya amsa. Ba a ƙara musu ko sisi ba, ba a sauya musu oga ba. Bayan wata guda, lokacin da suke ɗauka a kan waya da kuɗin da suke tarawa a mako duk sun ninka fiye da sau biyu, su kuwa waɗanda ba su gana da ɗalibin ba suna nan inda suke.